Furen Gawon Malam Misbahu

"Me ka gani?" Malam Misbahu ya tambaye ni daga kan shimfiɗarsa.

Na sake manna ido a bakin madubin, na murɗa kamar yadda ya koya mini. Fari fat. Ba komai.

Madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa shi ne dukiyar Malam tun yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a nan Daura. Shekara talatin yana kaɗe garin fure a kan ɗan gilashi, ya leƙa, ya zana a littafi. 'Yan unguwa suka ce boko ya taɓa shi. Ni kuwa maɗinkin hula ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma wallahi na ci abinci da zanensa, don shi nake kwaikwaya a huluna. Garin furen kuɓewa ƙwallo ne mai ƙayoyi, na gero sumul da ɗan rami guda.

"Mai ƙaya jikin ƙudan zuma zai maƙale, sumul ɗin iska zai bi," yakan ce. "Kowa da shirin tafiyarsa, Jibril."

Shafi ɗaya ya rage, an rubuta "gawo" a samansa. Gawon gonar mahaifinsa ne a Zango. Kullum sai ya ɗage duba furensa, ya ce ai na gida ne, ba ya gudu. Yana cewa haka har ciwon suga ya cinye masa idanu, ya kwantar da shi. Burinsa kawai in gani, in faɗa masa siffarsa, in cike shafin.

Shi ya sa na hau babur na yanko furen. Da na iso gida na ga ya yi butu-butu da ƙasar hanya. Haba, wa zai kai wa majinyaci abu da datti? Na ɗauki buta na ɗauraye shi tas, har da yarfewa.

"Miƙo furen," in ji Malam. Ya murza shi da yatsu, ya kai hanci. "Jibril, wanke shi ka yi?"

"Ƙasa ce ta ɓata shi, Malam."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa Kubura ta shigo da ruwa a guje.

"Kai, maƙwabci! Ka zubar da baƙon a rariya, ka kawo mini rigarsa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na ce gobe da sassafe zan koma.

"Allah ya kai mu. A takarda za ka naɗe shi. Kada ko hura shi ka yi."

Ana idar da asuba na kama hanya. Na naɗe furen a takarda, na sa a aljihun gaba, na taho a hankali ina kauce wa kowane rami. Ina shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gidansa, mutane zaune shiru. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da takardar a aljihu na ɗauki makararsa. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba, kuma har yau ban huce ba.

Bayan la'asar Kubura ta same ni a zaure, ta ajiye madubin da littafin a gabana.

"Baba Jibril, ya ce a ba ka. Har ya cika yana tambaya ko an ji ƙarar babur ɗinka."

Na shiga shagona na kaɗe furen a gilashi, na leƙa. Ga shi nan kuwa! Ba ƙwaya ɗaya ba ce, ƙwayoyi ne da yawa manne da juna, sun dunƙule wuri guda, ruwan ɗorawa. Na ɗago kai da sauri, na buɗe baki zan ƙwala masa kira.

Ta bayan katanga, Kubura ta fara share ɗakinsa.