Waƙar da Na-Allah Ya Kulle

Na-Allah mai gurmi ya tashi ran kasuwar Malanville da abin da ya hana shi zama: ya nemi muryar matarsa Bara'atu a cikin kansa, ya rasa. Fuskarta na nan, har yadda take turo ɗankwali gaba in ta fusata. Muryar ce ta ƙi zuwa. Tun rasuwarta bai taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba.

Waƙa ɗaya tak suka taɓa ɗauka tare, waƙar masunta. Mata da yawa ke amshi, amma a tsakiya ya yi shiru ya bar Bara'atu ta rera baiti guda ita kaɗai.

To, waƙar nan shi da hannunsa ya kulle ta. Ya ga yadda masu tura waƙoƙi a katin memori ke cin wahalar mawaƙa, kuma ba za a ce bai da gaskiya ba. Sai ya sa aka yi ta kwafi biyu. Ya miƙa tsarkakakkiyar ga wani kamfani a Kotonu, suka sa ta cikin manhajarsu, ba ta kwafuwa, ba ta turuwa. Ta talla kuwa, ya ɗauki muryarsa yana gargaɗi, ya ce wa mai sutudiyo ya ɗora inda ya fi daɗi, inda ɓarawo ba zai iya yankewa ba. Bai ko tsaya ya saurara ba. Da ita ma ta bazu a kasuwa, ya bi rumfa rumfa da jandarma har aka goge ta. Yau ga shi kamfanin ya rufe, manhajar ba ta buɗuwa, mai sutudiyo ya sayar da kwamfutarsa ya koma fataucin shinkafa.

Sau biyu ya wuce rumfar Rachidi mai tura waƙoƙi yana yi kamar wani yake nema. A na uku Rachidi ya cire abin kunnensa.

"Baba Na-Allah, yau ina jandarman naka?"

"Bari wanga zance, Rachidi. Waƙar masunta nika biɗa."

"Waƙar da kat tsaya bisa kaina har nig goge? Kai kac ce waƙa tana da mai ita. Ni kau nic ce maka waƙar da ba ta yawo mutuwa takai."

"Kuma da ta yi yawo, mi nis samu? Kai kaɗai kac ci."

Nan suka tsaya, kowa da gaskiyarsa, masu kayan albasa na ture su da baro. Can Na-Allah ya sauke murya ya faɗi abin da ya kawo shi. Rachidi ya juya waya a hannu.

"Tahi Madekali," ya ce. "Kahin ku zo na sa ma Inna Zeinabu mai albasa ita cikin ɗan rediyonta. Ita ba ta goge komi, ba ta ma iya ba."

Ya hau kabu-kabu. Duk tsawon hanya yana taɓa kafaɗar mai babur ya ƙara wuta, kamar waƙar za ta gudu. Ya tarar da Zeinabu a ƙarƙashin rumfar zana tana ware ruɓaɓɓun albasa. Da ta ji buƙatarsa ta yi wa Bara'atu addu'a, ta goge hannu a zane, ta ɗauko rediyo da aka ɗaure murfinsa da roba.

Gurmi ya tashi. Ga muryarsa da ƙarfinta, ga amshin mata a cakuɗe, ba a gane ta wani. Na-Allah ya durƙusa cikin ɓawon albasa, ya kafa kunne. Baitin ya matso. Ya ji ta ja numfashi za ta fara.

Sai murya ta faɗo a kai, kakkaura, cike da isa: "Wannan waƙa ta Na-Allah ce. Duk wanda ya kwafa bai da izini, kuma ban yafe ba." Ta maimaita, ta sake maimaitawa, daidai tsawon baitin. Mai sutudiyo ya yi aikinsa da gaskiya, ya zaɓi wuri mafi daɗi.

Da gargaɗin ya ƙare, kalma ɗaya ta rage mata, ta ƙarshe, siririya: "gulbi."

"Nan garin kowa ya hardace faɗanka," in ji Zeinabu a hankali. "Abin da ita tac ce ne ba mu taɓa ji ba."

Ba shi da wanda zai kai ƙara. Ya matso da rediyon jikin kunnensa.

"Inna, maido baya."

Ta maido. Ya sake zama ya saurari kansa har ya gama, don ya kai ga kalmar.