Kaset ɗin Kalla na 1994

Kalla ne ya fara buɗe sitidiyon Hausawa a Abidjan, a bayan kasuwar Treichville. Da wata ƙatuwar kyamara mai nauyin buhun shinkafa yake ɗaukar suna da biki, har a 1994 ya tara 'yan dakon tashar jirgin ruwa suka yi fim. Sai ga Muhyiddeen, yaron jiya, ya sauka daga Kano da 'yar kyamara kamar sabulu, ya buɗe nasa a unguwar Adjamé Mairie. Kafin ka ce kwabo jama'a sun tsallake gada sun koma can.

Wallahi Kalla ya ƙi jinin yaron nan. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "wancan na Adjamé".

A 2008 ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce za ta karrama wanda ya fara fim ɗin Hausa a garin, kuma wai Muhyiddeen za a ba, tunda finafinansa ne a kowane gida. Kalla ya garzaya wurin shugaba, Alhaji Harisu, yana huci.

"Alhaji, ni da na yi fim yana tsotson yatsa?"

"To Malam Kalla, kawo shaida mu gani."

Ranar taro ya hau woro-woro, tasin haya ta garin, da na'urar bidiyonsa a cinya, da kaset ɗin fim ɗinsa na 1994 mai rubutun hannunsa. Muhyiddeen da kansa ya durƙusa ya jona masa wayar bidiyon da talabijin yana cewa, "Baba, ni ma na ƙosa in gani." Wannan ladabin ya fi zagi yi wa Kalla ciwo.

Hoto ya fito. Kash! Fim ɗin Muhyiddeen na farko ne a kan kaset ɗin. Aka fashe da dariya, Kalla kuwa nan take ya tuna. Ranar da fim ɗin ya fito, ya sa aka aro masa ya kwafa, don ya zauna ya tsince kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Masu sitidiyo na zamanin da kuma ba sa barin kaset ya kwanta a banza, salatif ake liƙa wa ramin da ke hana ɗauka a jikin kaset ɗin, a ɗora sabo kan tsoho. Don tsabar ɗoki bai duba kaset ɗin da ya jawo ya kwafa a kai ba, ashe na fim ɗinsa ne.

Ya yi ta danna gaba. Can ƙarshe sai ga nasa: 'yan dako biyu na ɗaga buhu a bakin ruwa, ko minti ɗaya bai cika ba, hoto ya ɗauke.

Dariya ta tsaya. Alhaji Harisu ya tambaya a hankali, "Akwai wani kwafin a gida?"

Kalla ya ce, "Shi kaɗai ne, Alhaji."