Zabin Ajuma da Fitilar Tasha

Da bakinta Ajuma ta roƙa, abin da ke cin ranta ke nan. Ranar da aka zo kafa fitilun sola a sabuwar tashar kamiyo, ta manyan motocin kaya, da ke bayan gidanta a Gaya, ita ta bi masu aikin da ƙwaryar ƙwan zabi, tana cewa don Allah su matso da poto ɗaya, wato sandar fitila, kusa da tsamiyarta. A kan tsamiyar nan zabinta talatin ke kwana, muzurun daji kuwa yakan ɗauke ɗaya sa'i-sa'i. Ita a ganinta ɓarawo ba ya son haske.

Ashe garin neman ƙiba za ta samo rama. Da damina ta faɗi, shinge, gara mai fiffike, da sauran ƙwari suka yi ta tururuwa gindin fitilar. Zabo kuwa, sarkin wauta, da ya ga haske ga abinci a ƙasa, sai ya ɗauka gari ya waye, ya diro. Muzuru ya huta da hawan itace. Ya laɓe inda hasken ya ƙare, yana zaɓen wadda ta yi masa. Kowace safiya Ajuma sai ta tsinci gashi.

Ta kulle zabin a ɗaki, suka yi ta dukan bango, suka daina ƙwai, dole ta sake su. Ta je wajen Hamani, shugaban masu gadin tashar.

"Ɗana, ku kashe mini fitilar nan."

"Haba Inna! Kayan mutane na Kwatano ne cike da motocin nan. In kashe don zabi?"

Ƙanenta Seyni ya ɗana tarko, ya kama muzurun, wanda ya yi ƙiba kamar ɗan akuya. Ba a yi mako ba wasu biyu suka gaje wurin, ko gudun mutum ba sa yi.

Da zabin suka rage uku, Ajuma ta yi kukanta ta gaji. Ta sa su a kwando, ta hau kabu-kabu zuwa Bengu wajen yayarta, can inda dare ke nan yadda Allah ya yi shi.

Yayar ta tarye ta a ƙofar gida, baki har kunne.

"Kin zo a sa'a, Ajuma! Dubi ramin can gindin darbejiyarmu. Gobe za a kafa mana fitila."

Ajuma ta tsaya da kwandon a ka, ta rasa inda za ta sauke shi.