Faifai da Guduma

Injiniya ya shigo ɗakin sanyi na kwamfutoci da sabon faifan ajiyar bayanai a hammata, yana tafiya kamar shi ya ƙera kwamfuta. Ranar ce ƙarshen wata ukun gwajinsa a kamfanin sufurin, kuma mai sa hannu a takardar tabbatar da shi a aiki ba kowa ba ne illa Manaja, uban matarsa.

Aikin ba wuya, in ji shi. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin na shekara goma sha biyu, tana tashi ne da faifai biyu masu ɗauke da abu guda. Ɗaya ya fara mutuwa. A zare shi, a sa sabo ya kwafi lafiyayyen, sannan a kwashe bayanan zuwa sabuwar ma'ajiya. Ya yi wa Manaja bayanin har sau biyu, alhali ba a tambaye shi ba.

Allo ya nuna cewa mai lamba ɗaya ne maras lafiya. Injiniya ya zaro na farko, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu, ya cusa sabon. Shi kuwa Manaja yana da ƙa'idar da ba ta tashi: duk faifan da ya fita, da hannunsa yake farfasa shi, kada sirrin kamfani ya bi bola. Ya fita baranda da gudumarsa.

Kwafi ya kai kashi tara cikin ɗari ya cije, sabar ta soma wani ƙis-ƙis. Sai a lokacin Injiniya ya tuna darasin makon farko: kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga. Lamba ɗaya shi ne na biyu. Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin, ya ruga baranda.

Ya iske Manaja ya ɗora faifan a kan bulo, ya naɗe hannun riga, guduma tana sama. Mutumin da ko sunan surukinsa bai taɓa kamawa ba, sai ga shi ya cafke masa wuyan hannu, har hular dattijon ta faɗi.

"Baba, ku yi haƙuri. Lafiyayyen na ba ku."

Manaja ya dubi hannunsa, ya dubi hularsa a ƙasa.

"Maras lafiyar fa?"

"Yana ciki, Baba. Shi ke riƙe da kamfanin."

Aka mayar da faifan, aikin awa biyu ya cinye yini. Manaja ya jawo kujera ya zauna bayansa da guduma a cinya har aka kwashe bayanan tsaf.

Da yamma ya sa hannu a takardar. Ya ce injiniyoyi uku aka yi kafin shi, kuma da wani cikinsu ne, da ya bari an fasa faifan, ya ɗora wa wutar lantarki laifi.

"Ɗauko mini hulata," ya ce. "Wannan kuma ba sai 'yata ta ji ba."