Rikodar Malam Babayo

Duk wanda ya leƙa shagon Lukuman mai gyaran rediyo a Nasarawa Gwom, sai ya ɗauka mahauta ne suka tashi daga fiɗa. Rediyo uku a buɗe hanjinsu a waje, talabijin ta juya wa ƙofa baya, ga wayoyin salula a jere, don a shekarun nan kowa a Jos ya yi waya, kuma kowace waya da ciwonta. Iya aiki kam ya iya, ko maƙiyinsa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne: bai taɓa gama abu kafin ya kama wani ba. An ce taura biyu ba ta taunuwa, to shi Lukuman biyar yake cusawa a baki.

Can saman kanta akwai wata tsohuwar rikoda mai cin kaset. Ta mahaifinsa ce, Malam Babayo. Tsohon da kansa ya hau acaɓa daga Dilimi ya kawo ta, ana saura kwana goma azumi, da sababbin kaset biyu a leda.

"Ta daina juyawa," in ji shi. "Ka gyara, ka kawo mini gida. Zan faɗi garin da muka fito, da sunayen kakanninmu, da yadda ubana ya tako da ƙafa ya zo haƙar kuza. Sa'o'ina duk sun tafi. Ni kaɗai na rage da na san wannan."

"Baba, ai sai a rubuta kawai."

"Wa zai zauna ya rubuta? Kai? Takarda ba ta da murya. So nake jikokina su ji daga bakina."

"Gobe in sha Allahu tana hannunka."

Goben Lukuman kuwa doguwa ce. Aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba, rikoda tana nan ƙura na hawa kanta. Ba wai ya manta ba ne, kullum sai ya ɗaga ido ya gan ta gabansa ya ɗan faɗi. Sai ya ce a ransa ai aikin gida ne, ba ya gudu, bari ya sallami mai tsaye a shago tukuna. Mai tsaye kuwa ba ya ƙarewa.

Wata Juma'a da ya je gaisuwa, tsohon ya gaji da jira ya fara ba shi labarin haka nan, suna zaune a zaure. Bai yi nisa ba wayar Lukuman ta yi ƙara. Ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, hannunsa na kwance wata caja da ya zo da ita a aljihu, yana ta gyaɗa wa uban kai wai shi yana saurare. Malam Babayo ya dube shi, ya katse labarin, ya jawo carbinsa. Daga ranar bai sake tambayar rikoda ba. Lukuman har daɗi ya ji wai an daina matsa masa, ka ji wauta.

Ranar wata Talata da hantsi, Chollom mai talabijin ɗin nan yana tsaye a kansa yana faɗa.

"Oga, sati uku ke nan fa. Idan ba za ka iya ba, ba ni kayana in tafi."

Lukuman na cikin ba shi haƙuri waya ta shigo. Ƙanwarsa Fadimatu ce.

"Yaya, ka zo. Baba ya faɗi wajen alwala."

A asibiti aka ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma tafi da maganarsa. Likita ya ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Lukuman ya tsaya a bakin gado yana kallon bakin ubansa da ya karkace. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ranar da aka sallamo tsohon, Lukuman ya wuce shago da safe. Ya turo ƙofa, ya kashe wayarsa, ya ture duk abin da ke kan tebur gefe guda. Ya sauko da rikoda ya kwance bayanta. Wata 'yar roba ce da ke juya kaset ta tsinke, kuma yana da irinta cike da gwangwani a aljihun tebur. Ya sa sabuwa, ya ɗaure, ya danna, ta kama juyawa sumul. Ya dubi agogon bango. Minti goma sha ɗaya aikin ya ci, bayan wata bakwai. Ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka.

Bayan azahar ya isa Dilimi. Malam Babayo na jingine da matashi, Fadimatu na zaune gefensa da kofin kunu. Lukuman ya durƙusa, ya ajiye rikoda a kan katifa, ya sa ɗaya daga kaset ɗin nan biyu, ya danna jan maɓalli.

"Baba, ga ta. Na gyara."

Tsohon ya daɗe yana kallon kaset na juyawa. Ya buɗe baki, leɓensa ya motsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani gurnani ne kawai ya fito. Ya sake gwadawa, hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye. Sai ya miƙa hannun hagu a hankali, ya lalubi maɓalli ya kashe rikodar, ya juya fuskarsa bango.

Fadimatu ta share idonta da bakin mayafi, ta matso kusa da yayanta ta rage murya.

"Yaya, ai ya ce mini ya taɓa fara ba ka labarin a zaure. Ko sunan garin ne, faɗa a cikin kaset ɗin, ya ji cewa wani ya riƙe."

Lukuman ya runtse ido yana lalube. Ya tuna wanda ya kira shi a ranar, ya tuna abin da ke damun wayar mutumin, har kalar cajar da ke hannunsa ya tuna. Sunan garin kuwa babu shi. Fadimatu tana ta kallonsa tana jira.