Igiyar Gaba

"Ba gardama na kira ka mu yi ba, Malam Kashim. Ɗaga kofin nan kawai, ka riƙe shi har in gama magana."

"Malama, ni fa bijimi nake riƙewa, ba kofi ba."

"To, ai sai ya zo maka da sauƙi."

Kashim ya harare ta. Malama Raudatu ce, mai ba manya shawara kan sana'a a wani ɗan ofis da ke Dogo Nini. Direban da idonsa ya fara hazo, telan da bayansa ya ƙage, ma'aikacin da aka sallama, duk nan suke zuwa a nema musu inda za su sake dafawa. Shi kam ba da son ransa ya zo ba. Matarsa Sauda ce ta rantse ba za ta ƙara miƙa masa jaririyarsu ba sai ya zo, tun ranar da yarinyar ta sulluɓe daga hannunsa ta faɗa kan katifa.

Ya ɗaga kofin da hannun dama. Malama Raudatu ta ci gaba da bayani a hankali: ya san shanu fiye da yadda ya san danginsa, akwai horon duba lafiyar dabbobi da ake yi wa manya, ba sai da ƙarfin damtse ba. Ba ya ma jin ta. Abin nan yake ji yana saukowa daga kafaɗar da ƙaho ya taɓa bugu, wani sanyi kamar an zuba masa ruwan randa a cikin jijiya. Yatsunsa suka buɗe da kansu. Kofin ya tarwatse a kan siminti.

"Likita ya gani?" ta tambaya.

"Ya ce jijiya ce."

"Abokin aikinka ya sani?"

Nan ne wutar ta tashi. Ya sa hannun hagu ya kifar da teburin, takardu suka watse, kujera ta bugi bango ƙafarta ta karye. Ya tsaya a kanta yana huci, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa.

"Ke wace ce da za ki raba ni da igiya? Ubana a kara ya tsufa! Ki mai da ni mai bin gindin saniya da allura?"

Ba ta ja da baya ba.

"Teburin ba komai, za a gyara. Amma ka ce mini akwai mutum a bayan bijimin da kake riƙewa. Shi wa zai gyara?"

Ya bankaɗe labule ya fita.

Ranar kasuwa ce, kara ta cika ta batse. Kukan shanu, ihun dillalai, warin kashi da baƙin mai, tireloli sun jeru sun juya baya ga tudun loda suna jiran kayan Kudu. A nan Kashim yake jin shi mutum ne. Aikin loda mutum biyu ne: na gaba ya zarge ƙaho da igiya ya ja, na baya ya murɗe wutsiya ya tura. Na baya ba ya ganin komai sai gindin sa, ransa kacokan yana hannun na gaba. Shi ya sa 'yan loda suke da doka guda da ba a tausasawa: wanda ya saki igiyar gaba, da igiyar za a dake shi, kuma ya bar ta har abada. In kuwa igiyar ce ta tsinke, to ƙaddara ce.

"Kai, Babarbare, ina ka shige?" Joda ne, abokin lodarsa tun suna samari, Bafulatani siriri mai dariya kamar ta yara. "Ubangidanka na jira, bawa na yawo!"

"Rufe mini baki, ɗan nono. In ba don ni ba da tuni shanun kakanka sun tattake ka."

"Ai shi ya sa nake ciyar da kai. Kama mana wancan jan."

Jan bijimi ne, tozonsa kamar tulu, idonsa ya kaɗa. Kashim ya jefa igiya ta zauna daram a gindin ƙaho. Ya naɗa ta a hannun dama kamar kullum, don idan ya sauya hannu kowa zai lura. Ya ce a ransa, wannan ɗaya kawai, ya Allah, wannan ɗaya.

Sun kai tsakiyar tudu sanyin ya sauko.

Ya ga igiyar tana warwarewa daga yatsunsa, tana zuƙe fatar tafinsa, shi kuwa ko zafi bai ji ba. Bijimin ya juya kamar walƙiya. Joda bai ma saki wutsiyar ba ƙahon ya shige cinyarsa, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ƙarfen tirela. Ƙarar ta yi kama da ta busasshen icce. Hularsa ta yi gefe, jini ya yi tsartuwa a kan tayar mota. Sai da mutane suka taru da sanduna da igiyoyi kafin aka kayar da san, yana ta gurnani yana tonon ƙasa.

Aka sa Joda a Keke Napep, aka yi asibiti da shi. Kafin keken ya ɓace, duka ya sauka a ƙeyar Kashim.

"Saki ya yi! Na gani da idona!"

Suka rufe shi. Wani ya ninka igiyar biyu ya zabga masa a gadon baya, rigarsa ta tsage. Wani ya shure shi a haƙarƙari. Ya faɗi cikin kashin shanu, bakinsa ya cika da jini da ƙasa. Bai kare kansa ba. Fuskar Joda kawai yake gani a sama, baki buɗe, dariyar ba ta gama gushewa ba.

"Ku dakata! Kai, ku dakata na ce!"

Baba Abatcha ne, sarkin 'yan loda, tsoho mai ido ɗaya wanda ya yi aiki da mahaifin Kashim. Ya ratsa su da sandarsa, ya karɓi igiyar, ya juya ta a hannu. Lafiyarta ƙalau, kowa na gani. Amma tsohon ya tsuguna, ya rage murya.

"Ɗana, igiyar nan ta tsufa. Bakinta ya zare, ko ba haka ba? Ka faɗa da bakinka, in rufe maganar. Mako mai zuwa ka dawo bakin aikinka."

Ya ajiye masa ita a kan cinya.  Babu mai musa wa Baba Abatcha, kalma ɗaya ce tsakanin Kashim da komai nasa: sunansa, sunan ubansa, tudun nan da yake ƙauna kamar ɗakin uwarsa.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, gilashinta ya tsage. Sauda ce ya zata. Malama Raudatu ce. Ya danna da hagu, muryarta ta fito kowa na ji.

"Malam Kashim, na kasa zama. Don girman Allah, kada ka kama igiya yau."

Ya rufe ido. Hawaye suka wanke hanya biyu a cikin ƙurar fuskarsa.

"Kin makara, Malama."

Nan take ta gane. "Yana da rai?"

Wani daga cikin waɗanda suka daki Kashim ya amsa: "Yanzu aka bugo daga asibiti. Yana numfashi. Har ya ce a tambayi Babarbaren ko ya ji ciwo."

Wani sauti ya ƙwace daga ƙirjin Kashim, ba kuka ba, ba dariya ba. Ya dubi igiyar da ke cinyarsa, ya dubi samarin da ke tsaye. Ɗayansu ne zai tsaya a bayan bijimi mako mai zuwa, ya ba shi ransa ba tare da ya waiwaya ba. Ya yi ƙoƙarin damƙe igiyar da hannun dama. Yatsun suka kwanta a kanta kamar na mai barci.

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki igiyar da hagu, ya miƙa wa tsohon.

"Baba, igiyar nan lafiya lau take. Hannuna ne ya mutu." Ya ɗaga wayar zuwa bakinsa da ya kumbura, ya ɗaga murya yadda har na kan tirela za su ji. "Malama, na bar loda daga yau. Asibiti zan je wurin Joda. Gobe in zo in gyara miki teburinki, ki nuna mini inda ake koyon allurar nan."