Ƙullin da Orpha Ta Koyar

Shekara tara ke nan ana ƙera jirgin sama a Orwin, garin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, a cikin tsohon rumbun da a da ake haɗa keken doki. Maza su sassaƙa katako su haɗa ƙashin fiffike, mata goma sha ɗaya su lulluɓe shi da yadin lilin su ɗinke. Orpha Stoltz ce shugabar matan. Ita ce kuma goggon mai kamfanin, Emmett, wanda ta riƙe tun yana ɗan shekara shida, bayan rasuwar ƙanenta.

Ɗinkin fiffike ba na keke ba ne. Doguwar allura ce, mace ɗaya ta soka ta wannan gefe, wata ta karɓa ta can, a zagaye haƙarƙarin katako a ɗaure. Kowace suka da nata ƙulli, don ko zare ya tsinke a sama kada sauran ya warware. Yadda za a ja ƙullin ya kwanta bai yaga yadi ba, sai da Orpha ta shekara biyu tana gwaji kafin ta gano, kuma ba ta taɓa yarda an rubuta shi a takarda ba. Wadda ke so ta iya, sai ta zauna kusa da ita.

A bazarar 1929 Emmett ya kawo 'yan mata uku daga birni, ya ce an ba shi aikin jirage arba'in, hannu ya yi kaɗan.

Hulda, wadda suka fara aikin tare da Orpha tun ranar farko, ta taɓe baki. "'Yan mata sun ƙare ne a garin nan? Ga 'yar ƙanwata can zaune tana gadin kaji."

"Emmett ya san abin da yake yi," in ji Orpha. "Ni na raine shi. In ya yi ƙarya kunnensa ja yake yi, na kuwa duba."

Matan suka yi dariya, magana ta mutu. Orpha ta ɗauki baƙin kamar 'ya'yan cikinta. Loretta, wadda ta fi su kaifin hannu, a gidanta ma ta sauke ta. Sati shida tana kama yatsun yarinyar tana nuna mata inda ake sassautawa da inda ake ja, har ranar da ta shafa layin ɗinki ta kasa bambance nata da na Loretta. Ran nan da daɗin rai ta koma gida.

Da tsakar rana akan raba wa matan madara, saboda warin ruwan da ake shafa wa yadi don ya ɗame kamar fatar ganga. Wata Alhamis, suna zaune su biyu a bakin ƙofa, Loretta ta goge baki ta ce, "Mis Orpha, can ma za a riƙa ba mu madara?"

"Can ina?"

"Sabon ginin mana. Na birni." Yarinyar ta dubi fuskarta, ta ajiye kofin a hankali. "Na ɗauka kin sani. An ce kada mu yi zancen a gaban sauran, amma ke ai goggonsa ce."

Orpha ta sami Emmett a fili, kansa cikin injin wani jirgi.

"Emmett Stoltz, fito ka dube ni."

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Bai musa ba. Ya ce layin dogo bai biyo ta Orwin ba, filin saukarsu kuwa makiyaya ce, kullum sai an kori shanu kafin jirgi ya tashi. Kamfani zai koma birni a ƙarshen wata.

"Yaushe ka sa hannu?"

"Fabrairu."

"Kafin ka kawo yaran."

"Goggo, da na faɗa miki, za ki koya musu?"

"Ba zan koya ba."

"To, kin gani."

Ta dubi kunnuwansa. Ko ɗis ba su yi ja ba.

"Ke ai da ɗakinki a can," in ji shi. "Na tanadar miki mai taga biyu."

"Sauran goman fa?"

"Masu mazaje da gonaki? Ba za su tashi ba."

"Ka tambaye su?"

Ya sunkuya ya ɗauki sifana. "Saura fikafikai shida. Ki rufa min asiri har a gama su, Goggo. In suka ji yau, gobe ba mai zuwa."

Ta koma ta cikin ciyawa. Matan sun riga sun koma bakin aiki, biyu-biyu a gefen kowane fiffike, Verna ƙaramarsu tana ba da labarin bijimin surukinta da ya bi fasto. Orpha ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta faɗa musu komai, har da Fabrairu, har da ɗaki mai taga biyu, don ba ta so su ji wannan a bakin wani.

Ba wadda ta ɗaga murya. Verna ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da gefen rigar aikinta. 'Yan birnin suka raɓe a jikin bango.

Hulda ta zare zoben ɗinki daga yatsarta ta sa a aljihu. "Tambaya ɗaya, Orpha. Ranar da kika ce mana kin duba kunnensa, kin sani?"

"Ban sani ba, Hulda. Shekara nawa muna tare?"

"Tara. Shi ma ai kin fi haka tare da shi." Ta ɗauki hularta daga jikin ƙusa. "Ko da kin sani, abin da za ki ce ke nan."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowace ta raɓa ta gefenta ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba.